Ƙotar Bindigar Mista Harold

Tun da na dawo daga Ingila 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci suka hana ni sakat. Kullum bayan la'asar sai wani ya jawo benci ya ce, "To Malam Yunusa, a ba mu labari." In na fara kuma sai a katse ni da tambayar ko da gaske ne ba sa ganin rana, ko na hau jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ban hau ba. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda. Kuma in gaya muku tun yanzu, abin da ya tsaya mini a rai a wata gudan da na yi a can ba dogon bene ba ne. Wani itace ne da tsayinsa bai wuce daga kafaɗata zuwa yatsuna ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni kafinta ne. Na daɗe ina koyar da aikin katako a makarantar koyon sana'a kafin in yi ritaya. Amma kafin boko a gaban mahaifina na buɗe ido, shi kuwa ba kujera yake yi ba. Ƙotar bindiga yake sassaƙa wa maharba, wato itacen nan da ake kwantar da ƙarfen a cikinsa, a kafa shi a kafaɗa. Maƙeri ya ƙera ƙarfe, a kawo wa Baba ya yi masa mazauni. Na gaji aikin, na yi ta yinsa har lokacin da daji ya lalace, ya zama duk wanda aka gani da ƙota a hannu sai ya wuni yana bayani a caji ofis. Sai na tattara na bari.

Abin da ya kai ni Ingila haihuwa ce. 'Yata Sadiya ta sami ɗa namiji a Manchester, inda mijinta Nura yake karatun digiri na uku a fannin injiniya. Mahaifiyarta ta riga ni tafiya don wankan jego, ni na bi daga baya da saƙonni cike da jaka. Daga Zariya na shiga mota zuwa Abuja, daga nan jirgi biyu, ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A filin jirgin Manchester wata jami'a ta tambaye ni sana'ata, na ce ritaya, ta buga hatimi. Na ɗauka an gama, sai wani a gaba ya ce in buɗe jaka. Ya wuce kuka, ya wuce kuɓewa busasshiya, ya zaro muciyar da na sassaƙa wa Sadiya da hannuna. Ya juya ta, ya auna nauyinta, ya ce wane wasa ake yi da wannan. Turancina na makaranta ya gudu ya bar ni. Sai na karɓe ta, na ware ƙafafu, na tuƙa masa tuwo a iska a gaban jama'a, har da kwashewa. Ya yi dariya ya ce in wuce.

Unguwarsu Longsight. Gidajen a manne suke da juna a jere, ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya. Kwana na biyu na dawo daga masallaci na tsaya ina kokawa da makulli a ƙofar maƙwabta, sai da wata tsohuwa ta leƙo ta nuna mini ta gaba da yatsa. Nama na halal kuwa har ya fi na Tudun Wada yawa, ga kasuwa, ga bas a kan titin Stockport ba ta yankewa. Abin da ya ba ni mamaki, kowa in zai sauka sai ya yi wa direba godiya, amma maƙwabcinka na jikin bango in kun haɗu iyakarsa ya ce maka ana ruwa, alhali kai ma a cikin ruwan kake tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne masauki. A gida wa ya taɓa ganin mutum ya sauka a gidan surukinsa? Amma a can ɗaki biyu ne da falo, bayi ɗaya. Ni ina jin nauyin Nura, shi yana jin nawa ninki goma. In na shigo falo ya miƙe, in na zauna ya zame ƙasa. Abincinsa a kicin yake ci a tsaye kamar wanda ya sato. Da farko na ɗauka duk kunya ce. Amma a mako na biyu na lura yaron ya rame, kuma akwai wata lamba da in ta kira shi sai ya kife wayar har ta katse.

Wata safiya bayan ya tafi makaranta Sadiya ta zo ta durƙusa. "Baba, akwai abin da nake so ka gani. Amma don Allah kar ka ce ni na nuna maka."

Ta hau kujera ta sauko da wani abu daga saman kabad, a naɗe cikin zane. Tana warwarewa sai ga ƙotar bindiga. Na ce, "Ke, bindiga a cikin gida, a ƙasar mutane?"

"Itacen ne kawai, Baba. A nan ƙarfen ne yake buƙatar licence. Wannan ko a post za ka iya aika shi."

Na karɓa. Jama'a, na riƙe itace a rayuwata, amma ban taɓa riƙe irin wannan ba. Launinsa kamar zuma mai duhu, an shayar da shi mai shekara da shekaru har yana sulɓi. Wurin riƙo an yi masa zane ƙanana-ƙanana da hannu, layi bai hau layi ba. Na san aikin gwani ne tun kafin a gaya mini.

Sadiya ta ba ni labarin. Lokacin da Nura ya fara zuwa ƙasar, a Birmingham ya yi digiri na biyu, bai san kowa ba. Wani tsoho mai suna Mista Harold ya ba shi ɗaki a gidansa, ya riƙe shi kamar ɗa, ya kai shi kulob ɗinsu inda suke harbin takarda don gasa. Ƙotar nan mahaifin Harold ne ya sassaƙa ta, don shi ma sana'arsa ke nan. Yanzu itacen ya tsufa, wurin da sukurori biyu suke ɗaure ƙarfen ya lotsa, harbi ya fara watsewa. Maganinsa a wurinsu shi ne a faɗaɗa ramukan biyu, a dasa gajerun bututun ƙarfe a ciki da gam, kowane kamar gaɓar yatsa, sukuru ya bi ta ciki. Su ne ginshiƙan da ƙarfen zai zauna a kai maimakon ya riƙa danne itace. Hannun Harold ya lalace da amosanin gaɓɓai, sai Nura ya ce shi injiniya ne, a ba shi ya yi. Ya yi, ya ɓata. Wata biyu ke nan yana ɓoyon abin. Ga shi kuma Asabar ta sama Harold zai yi gasarsa ta ƙarshe, don ya ce ba zai sabunta lasin ɗinsa ba, kuma da ƙotar ubansa yake so ya yi sallama.

"Yanzu me ya ce zai yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Wai zai yi order ɗin wata sabuwa, ya ce wannan ta ɓace a hanya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ɓarna kowa na yi, ni ma na fasa katakon mutane. Amma a yi wa mutumin da ya ba ka ɗaki ƙarya a kan kayan ubansa, wannan ba zan zauna a gidan ana shirya ta ba.

Bayan magariba na aika mahaifiyar Sadiya ta kira shi. Ya shigo ya ga ƙotar a cinyata, ya tsaya kamar an dasa shi. Ban yi masa faɗa ba, suruki ba a yi masa faɗa. Na ce a ba ni fensir biyu. Na zura ɗaya a ginshiƙin gaba, ɗaya a na baya. Na gaba ya tsaya cak, na baya ya karkata kamar mai leƙen gidan maƙwabta.

"Malam Nura, lokacin da kake zuba gam, ƙarfen bindigar yana ina?"

"Yana Birmingham, Baba, a kulle. Ba ni da izinin riƙe shi. Amma na auna komai, wallahi to the millimetre. Na yi drawing, na yanka su a workshop ɗin uni."

"Yankan ya yi kyau," na ce, don gaskiya ya yi. "Amma ka ɗinka riga ba ka ga mai rigar ba. Ginshiƙi ba a jikin itace ake fara kafa shi ba. A jikin ƙarfen ake ɗaure shi, sa'annan a kawo itace ya same shi a inda yake. Tun da ƙarfe ba zai zo Manchester ba, mu za mu je. Kuma da bakinka za ka gaya wa mutumin nan abin da ya faru."

Can ya ce, "To, Baba. Zan yi booking ɗin coach na Alhamis."

Muka kwantar da ƙotar a cikin akwati, a karkace, tsakanin zannuwan uwargida. Duk da an ce mini ba laifi ba ne, da direban babbar motar ya ɗaga akwatin zai sa a ƙasa sai da na karanta duk abin da ya zo bakina. Kujerun kuwa biyu-biyu ne, a matse. Ga ni ga surukina, kafaɗa na gogar kafaɗa, abin da ko a mafarki bai taɓa faruwa ba. Ya maƙure a jikin taga har na ji tsoron zai fita ta gilashi. An haɗa mana waina da ƙuli a roba, na ci, na miƙa masa sau uku, ya ce ya ƙoshi, alhali ina jin cikinsa yana kuka. Hanya santsi, babu shinge ko ɗaya, babu mai tallan gyaɗa ta taga. Tumaki birjik a fili ba makiyayi. Na ce da a wajenmu ne da tuni an yi musu rakiya.

Daga tashar Birmingham muka hau bas zuwa unguwar Erdington. Mista Harold ya buɗe ƙofa da kansa, dogo, ya ɗan ranƙwafa, yatsunsa a lanƙwashe kamar saiwar citta. Ya rungume Nura, ya ba ni hannu, ya yi wata doguwar magana ta hanci wadda ban tsinci ko kalma uku a ciki ba. Turancin Birmingham daban yake da wanda aka koya mana. Sai da ya rage gudu na fara kama shi.

Nura bai tsaya shan shayi ba. Ya buɗe akwati, ya ajiye ƙotar a tebur, ya faɗi komai. Har zancen ƙaryar da ya yi niyya ya faɗa, wanda ni ban ce ya faɗa ba. A nan ya burge ni. Tsohon ya ɗauki ƙotar, ya kai ta wajen taga, ya leƙa ramukan, ya shafa su da babban yatsa. Da a gida ne da yanzu an yi salati, an tara maƙwabta, an kira sunan iyaye. Shi kuwa cewa ya yi, "Na gani." Ya ajiye, ya tafi kicin ya ɗora butar shayi.

Na ce wa Nura a hankali, "Ai da sauƙi, bai yi fushi ba."

"Baba, fushin ke nan."

Da ya dawo da shayi da biskit na tattaro Turancina na ce masa ni kafinta ne, ubana ma ƙota yake yi, kuma ina ganin abin zai gyaru kafin Asabar. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce na taɓa dasa irin waɗannan ginshiƙai? Na ce ban taɓa ba, yau makona guda da sanin akwai su. Amma zaunar da ƙarfe a cikin itace, tun kafin a haifi Nura nake yi. Ya dubi hannuwana, ba fuskata ba. Sa'annan ya ɗauko makullai.

A bayan gidansa akwai ɗan ɗakin katako cike da kayan aikin ubansa. Ya shiga cikin gida, ya buɗe wani akwatin ƙarfe da aka kafe a bango, ya fito da ƙarfen bindigar a rungume. Kafin a fara ya kafa sharaɗi. Ya ce ni baƙo ne, ba ni da takarda, don haka ƙarfe nasa ne, itace nawa, kada ko yatsana ya taɓa. Ban san iyakar dokar ba, amma shi haka yake riƙe da ita, kuma a bayan gidansa muke, ba ɗan sanda ba mai leƙe. Na yi tunanin yadda muke da doka a gida, na ce to.

Aikin farko shi ne fitar da ginshiƙan. Nura ya ce a sa injin huda a cinye su. Na ce injin in ya kuɓuce ya tsaga itacen nan, babu gam ɗin da zai maido shi. Na sa ya gasa wani guntun rodi a wutar gas, na kama da awartaki na zura a cikin ginshiƙin baya, muka jira. Zafi ya bi ƙarfe ya kai ga gam. Da na ji ƙauri ya fara tashi na tura a hankali, sai ga shi ya zame ya faɗo a tebur, itace ko ƙuna babu. Na gaba ma haka. Na ɗauki magagari mai zagaye na kankare ragowar gam, na ɗan ƙara wa ramukan faɗi don ginshiƙan su sami wurin tsayawa yadda suke so.

Daga nan sai neman inda ƙarfe yake taɓa itace da inda ba ya taɓawa. Wannan ido ba ya gani, abin awo ma ba ya shiga. Na tambayi Harold ko yana da kyandir. Ya ce na me? Na ce hayaƙi nake so. A gida aci-balbal Baba yake kunnawa, ya gifta ƙarfen a kan harshen wutar har ya yi baƙi, ya kwantar da shi a cikin ƙota ya ɗaga. Duk inda baƙi ya fito a itace, nan ne tudu, nan za a kankare. Nura ya fara fassarawa, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya miƙa can saman kanta ya sauko da wata 'yar fitilar tagulla mai lagwani, ba gilashi, duk ta yi baƙi. Ya ce ta ubansa ce, kuma aikinta ke nan. Ya ce ya ɗauka duk masu yin haka sun mutu.

Ubana bai taɓa wuce Kaduna ba, nasa bai taɓa jin sunan ƙauyenmu ba. Na ji ƙwalla ta taho, na fake da hayaƙi.

Muka kama aiki. Shi ya yi wa ƙarfe hayaƙi ya kwantar, ya ɗaga, ni in bi baƙin da cizal, wato kurfi, ina ɗaukar abin da bai kai ɓawon albasa kauri ba. Sau goma sha wani abu muka yi. Ba ma ko magana, in ya ɗaga gira na gane, in na gyaɗa kai ya gane. Nura na riƙe da fitila, injiniya guda. Da baƙin ya bazu daidai ko'ina, sai Harold ya shafe ƙarfen da man goge takalmi, lungu da saƙo, don kada gam ya kama shi. Nura ya naɗa wa kowane sukuru salatif don ya tsaya a tsakiyar ginshiƙi, wannan dabararsa ce, kuma ta yi. Aka ɗaure ginshiƙan a jikin ƙarfen tamau. Na cika ramukan da gam mai haɗi biyu, na riƙe ƙota, tsohon ya sauko da ƙarfen a hankali har ya zauna. Muka naɗe su tare da robar tayar keke, muka goge abin da ya tsattsafo. Saura jiran gobe.

A gidan Madam Rifkatu muka sauka, wata 'yar Kagoro mai aikin kula da tsofaffi, mijinta direban bas. Nura ya ci tuwonta ya gaji lokacin yana ɗalibi. Ta gan shi ta ce, "Kai, ɗan Manchester, ka yi aure ka manta da mu ko?" Ni kuma ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Kirista ce, ga hoton cocinsu a bango, amma kafin in tambaya ta shimfiɗa mini darduma ta nuna mini gabas. Ta yi mana gwaten acca da yakuwa, wanda rabona da shi tun wani zuwa Jos. 'Ya'yanta mata biyu suka gaishe ni a tsaye da Turancin hanci, ta harare su, suka zube.

Da sassafe muka koma. Wannan ita ce gaɓar da nake tsoro, ban dai gaya wa kowa ba. In man takalmin ya bar wuri ko kamar ƙwayar gero, gam ya haɗa ƙarfe da itace har abada, to sai dai a fasa ƙotar. Harold ya warware robar, ya kwance sukurori, ya ja. Shiru. Ya sake ja. Ko motsi. Abin yana son duka ɗaya mai kyau, amma hannun tsoho ba ƙarfi, ni kuma an hana ni taɓa ƙarfe. Sai na ce ya matse ƙarfen a hammatarsa da hannu biyu, Nura ya riƙe shi ta baya kada ya faɗi. Na yi bisimilla, na daki itacen ta ƙasa da tafin hannu, inda na san zai ɗauka. Ƙas. Ƙotar ta rabu ta zo hannuna.

Muka leƙa. Ginshiƙai biyu a tsaye, gam ya ɗauki siffar ƙarfen sumul. Harold ya mayar da ƙarfen, ya sa sukurori, suka shige da yatsa kawai, ba gardama. Ya ɗora ɗan yatsa a inda ƙarfe ya haɗu da itace, ya sassauta na gaba, ya ɗaure, ya sassauta na baya. In akwai karkata zai ji abu ya motsa. Ya rufe ido ya sake yi. Ya buɗe ya ce, "Babu komai." Wannan karon ko ni na gane cewa yabo ne. Muka tafi unguwar Perry Barr sallar Juma'a, ina tafiya kamar an rage mini shekara goma.

Ranar Asabar ya ɗauke mu a motarsa zuwa kulob. Wani dogon ɗaki ne kamar sito. Na sa hannu a littafin baƙi, aka ba ni abin toshe kunne, aka nuna mini layin da ba zan ƙetare ba. Yawancinsu tsofaffi ne, akwai mata biyu, kowa da flas ɗin shayinsa. Ba kirari, ba ganga, ba kare. Maharban garinmu da sun gani da sun ce zaman makoki ake. Saboda hannunsa, Harold a zaune yake harbi, bindiga a kan matashi a tebur. Can ƙarshen ɗakin an kafa kati mai baƙaƙen ɗigo, kowane ɗigo harsashi ɗaya.

Aka fara da gwaji, harsashi biyar a ɗigo guda. Nura ya kafa mini madubin hangen nesa. Na farko ya huda. Na biyu na duba ban ga sabon rami ba, na ce shi ke nan ya bar katin gaba ɗaya. Na uku ma haka. Na juyo na dubi Nura, sai na ga ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa.

"Baba, rami ɗaya suke bi."

Na manta a inda nake. Na yi kabbara da ƙarfi, ga abin toshe kunne ban san yadda muryata ta fita ba. Duk ɗakin aka juyo. Mai kula da layi ya ɗora yatsa a leɓe, amma yana murmushi.

Harold ya harbe katunansa a natse, ba gaggawa. Da aka tattara aka duba, na biyu ya zo, wata mata mai farin gashi ta fi shi da kaɗan. Ya ce rabonsa da irin wannan sakamako tun matarsa na da rai. Abokansa suka kewaye bindigar suna tambayar wa ya yi aikin. Ya nuna mu ya ce, "Mu uku." Bai ƙara ko kalma a kan abin da ya faru kafin nan ba.

Ina tsammanin an gama. Mutane suka fara naɗe kaya, shi kuwa ya zauna a benci, ya ɗora bindigar a cinya, ya ɗauko sukundireba. Da yatsun nan nasa ya daɗe kafin ya kwance sukurorin biyu, kuma bai yarda kowa ya taimaka ba. Ya raba ƙarfe da itace. Ya ce ƙarfen ranar Litinin zai kai wa dillali mai lasin ya ajiye, zai zauna a can har ranar da Nura ya sami takardarsa, ko shekara nawa za ta ɗauka. Sa'annan ya goge ƙotar da hannun rigarsa, ya miƙa wa Nura.

Nura ya ja baya. Ya ce, "Ni da na ɓata ta?"

Tsohon ya ce, "Kai da ka dawo da ita."

Yaron ya tsaya, hannuwa a ƙasa, hawaye na zuba, ga tsoho ya miƙo hannu yana rawa don nauyin itacen. Na ga in aka ƙara jinkiri za ta faɗi. Na ƙetare layin da aka hana ni, na dafa kafaɗar surukina, na ce masa da Hausa, "Karɓi mana, ɗana. Da hannu biyu."

Ya karɓa da hannu biyu.